Shafin man a cikin ƙunshin manhaja: wa ke da alhakin sa shi, wa ke da ikon cire shi?

Duk wanda ya ɗan daɗe yana aiki da Linux ko ɗaya daga cikin dangin BSD ya san umarnin nan mai haruffa uku, `man`. Ka rubuta `man ls`, shafi ya buɗe ya gaya maka abin da `ls` ke yi, da zaɓuɓɓukan da yake karɓa, da lambar da zai mayar idan aiki ya ci tura. Wata rana kuma sai ka girka sabuwar manhaja, ka nemi shafinta, a amsa maka da layi ɗaya cewa babu. Mutane da yawa suna ɗauka mantuwa ce, kuma wani lokaci haka ɗin ne. Amma sau da yawa akwai wanda ya yanke wannan shawara da gangan. Ko dai wanda ya rubuta manhajar bai ga amfanin shafin ba, ko wanda ya haɗa ƙunshin, wato fayil ɗin da ake girka manhajar daga gare shi, ya ware shi gefe, ko lasisi ya hana a raba shi, ko kuma wanda ya shirya na'urar ya ba da umarnin a zubar da shi tun lokacin girkawa. Kowane gida da ke rarraba manhajoji yana da ƙa'idarsa a kan wannan, kuma ƙa'idojin ba su zo ɗaya ba.

Abin ya samo asali ne tun ranar 3 ga Nuwamba, 1971, lokacin da aka fitar da bugun farko na jagorar Unix a Bell Labs. Ken Thompson da Dennis Ritchie ne suka rubuta ta, bisa matsin shugabansu Doug McIlroy. Tsarin da suka ɗauka har yau bai sauya sosai ba: kowane umarni da shafinsa, a fara da suna, sai yadda ake kiransa, sai bayani, sai fayilolin da ya shafa, sai wasu shafukan da ya kamata a duba, har da sashen da ake faɗin kurakuran da aka san manhajar na da su. An kuma kasa shafukan da lambobi. A Linux na yau, sashe na 1 na umarnin da kowa ke amfani da su ne, na 2 da na 3 na masu rubuta manhaja ne, na 5 na bayanin tsarin fayiloli, na 8 kuma na masu kula da na'ura. Shi ya sa ake samun `passwd(1)`, wato umarnin sauya kalmar sirri, da kuma `passwd(5)`, wato bayanin fayil ɗin da ke ɗauke da sunayen masu amfani da na'urar. Mazauninsu duka shi ne `/usr/share/man`, kowane sashe da foldarsa.

Kafin a gane rigimar, sai an rarrabe mutum uku. Akwai marubucin asali, wanda ya ƙirƙiri manhajar. Akwai mai haɗa ƙunshi, wanda ke ɗauko ta ya gina ta ya shirya ta yadda za ta zauna lafiya a gidajen rarraba Linux irin su Debian ko Fedora ko Alpine. Akwai kuma mai girkawa. Ƙa'idojin ƙunshi suna magana ne da na tsakiya kaɗai, domin shi kaɗai ne ke ƙarƙashin ikonsu. Marubucin asali bai ɗauki wa kowa alkawari ba, mai girkawa kuma na'urarsa ce. Saboda haka duk nauyin da ƙa'ida ta ƙirƙira, a wuyan mai haɗa ƙunshi yake sauka, kuma a yawancin waɗannan gidaje aikin sa kai yake yi.

Debian ta fi kowa fito da matsayinta fili. A sashe na 12.1 na kundin ƙa'idojinta an ce ya kamata kowace manhaja da kowane umarni su zo da shafin jagora, ko a cikin ƙunshin kansa ko a wani ƙunshin da ake girkawa tare da shi dole. Misalin na biyun shi ne `git`, wanda shafukansa ke cikin `git-man`, amma ba za ka girka `git` ba sai tare da shi. An kuma ba da shawarar a yi wa fayilolin saiti nasu shafukan. Idan babu shafi, Debian na ɗaukar hakan aibi ne da za a shigar a rajistar matsaloli, kuma ba a rufe rahoton sai an samar da shafi na gaske. Mai kula da ƙunshin yana iya tura ƙorafin ga marubutan asali, amma ko sun ce su a wurinsu ba aibi ba ne, rahoton zai ci gaba da zama a buɗe.

Sai dai kundin ya bambanta abin da ya wajabta da abin da ya ce ya kamata, kuma bambancin yana da nauyi a aikace. Saɓa wa wajibi yana iya hana ƙunshi shiga sabuwar fitowar Debian gaba ɗaya. Saɓa wa "ya kamata" aibi ne da za a rubuta, amma ba ya korar ƙunshi. Rashin shafin jagora yana cikin kashi na biyu. Akwai masu ganin wannan sassauci ne da ya mayar da ƙa'idar ta zama ta baka kawai, kuma gaskiya ne cewa akwai rahotannin rashin shafi da suka shekara da shekaru a buɗe. Ni dai ina ganin an yi daidai. Da an wajabta, abu biyu ne zai faru: ko a rasa manhajoji masu amfani saboda takarda, ko kuma masu haɗa ƙunshi su cika rumbun da shafukan ganin ido don kawai a bar su su wuce. Na biyun ma ya riga ya faru a wani mataki, ko da ba a wajabta ba.

A da can Debian ta yarda a haɗa sunan duk umarnin da ba shi da shafi da wani shafi guda mai suna `undocumented(7)`, wanda abin da yake cewa kawai shi ne wannan umarni ba shi da bayani, ka gwada wasu hanyoyi. A farkon shekarun 2000 aka daina ba da wannan shawara, domin ta kashe ƙorafi ba ta kawo bayani ba. Amma tsugune ba ta ƙare ba. Akwai manhajar bincike mai suna lintian da ke duba kowane ƙunshi, kuma tana gargaɗi idan ta ga umarni a `/usr/bin` ba shi da shafi. Hanya mafi sauƙi ta rufe mata baki ita ce help2man, wadda Brendan O'Dea ya rubuta. Abin da take yi shi ne ta kunna manhajar da `--help` da `--version`, ta kwashe abin da ya fito ta zuba shi a siffar shafin man. Idan an ba ta kulawa tana yin aiki mai kyau, kuma da ita ake samar da shafukan `ls` da `cp` da sauran 'yan uwansu na coreutils, tarin umarnin yau da kullum na Linux. Idan kuwa aka sake ta haka nan, ga abin da ke fitowa: a layin suna, inda ya kamata a ce manhajar nan ga aikinta, sai a samu jimlar da ke cewa wannan shafin jagorar manhaja kaza ne, siga kaza. A ƙasa kuma sai ta ƙara da cewa cikakken bayani yana cikin littafin Texinfo, alhali wataƙila manhajar ba ta taɓa samun irin wannan littafi ba. Mai karatu ya je neman abin da babu shi. Irin wannan shafi ya fi rashinsa illa, domin rahoton aibin ya rufe, babu wanda zai sake waiwayarsa, kuma mai neman taimako bai ƙaru da komai ba.

Layin sunan nan ba ƙaramin abu ba ne. Da shi `apropos` da `whatis` ke aiki. Lokacin da ka girka ƙunshi a Debian ko Ubuntu ka ga ya ɗan tsaya a ƙarshe yana ambaton man-db, fihirisa ake sabuntawa, kuma daga waɗannan layuka ake gina ta. Wanda bai san sunan umarnin da yake nema ba, sai dai ya san aikin da yake so a yi masa, da `apropos` zai lalubo shi. Idan layin sunan fanko ne, manhajar ta ɓace daga wannan bincike ko da tana zaune a kan na'urar. Shi ya sa lintian ɗin ma daga baya ta koyi yin gargaɗi a kan layin suna marar amfani.

A ɗaya ɓangaren akwai GNU, ƙungiyar da ta samar da kayan aiki da yawa da Linux ke amfani da su, kuma ya kamata a saurari hujjarsu da adalci. Ƙa'idojin rubuta manhaja na GNU sun ce a wurinsu shafin man abu ne na biyu, ba dole ba ne kowace manhaja ta samu. Abin da suka fifita shi ne Texinfo, tsarin da Richard Stallman da Robert Chassell suka samar a shekarun 1980, wanda ke ba da damar rubuta cikakken littafi mai babi-babi da fihirisa da mahaɗai, a karanta shi da umarnin `info` ko a buga shi a takarda. Hujjarsu ita ce shafin man yana buƙatar gyara duk lokacin da manhaja ta sauya, kuma lokacin da aka kashe a kansa an ɗebe shi ne daga wani aikin. Riƙe bayani iri biyu kuma yana kai ga ɗaya ya tsufa ya fara faɗin abin da ba haka ba. Wannan magana tana da ƙarfi. Manhaja irin GCC ko Emacs ba za ta shiga shafi ɗaya ba, kuma shafin `bash` ya isa shaida cewa idan abu ya yi girma, gungurawa cikin dogon shafi guda wahala ce. Inda hujjar ta gaza shi ne hannun mutane ya riga ya saba da `man`. Mai gyaran saba, wato na'urar da ke yi wa wasu na'urori hidima, da ta tsaya, abin da yake so shi ne ya tuna harafin zaɓi ɗaya cikin daƙiƙa kaɗan, ba ya koyi yadda ake yawo a cikin `info` ba. GNU tar ta daɗe ba ta da shafin man na hukuma, gidajen Linux kowa ya yi nasa, sai a siga ta 1.28 a shekarar 2014 marubutan suka saka nasu. Shekarun da suka gabaci haka, aikin da marubucin asali zai yi sau ɗaya mutane daban-daban ne suka yi ta maimaita shi.

Fedora tana kusa da Debian a manufa, amma harshenta ya fi laushi. Ƙa'idojinta sun ce ya kamata a samar da shafi ga duk abin da ake kunnawa, idan babu kuma mai haɗa ƙunshi ya yi aiki da marubutan asali don a ƙara. Sun yarda a aro daga wani gidan ko a fara da abin da help2man ta fitar. Wurin da suka tsaurara wani ɗan ƙaramin abu ne: a jerin fayilolin ƙunshi dole a rubuta sunan shafin da tauraro a ƙarshe, kamar `foo.1*`, domin RPM, tsarin ƙunshin Fedora, ita ce ke matse shafukan da kanta, kuma idan wata rana aka sauya hanyar matsewa, duk wanda ya rubuta `.gz` da hannu ƙunshinsa zai ƙi ginuwa.

Dangin BSD kuwa al'amarinsu daban ne, domin a ginshiƙin tsarin marubuci da mai rarrabawa mutane ɗaya ne. A OpenBSD an san su da ɗaukar kuskure a shafin jagora tamkar kuskure a manhajar kanta, kuma sabon zaɓi yana shiga ne tare da bayaninsa. Suna rubutu da mdoc, wanda ke bayyana ma'anar kowane abu a shafin: wannan zaɓi ne, wannan sunan fayil ne, wannan kuma sunan wani shafin ne. Tsohon salon man na 1979 siffar rubutu kawai yake faɗi, wato wannan a yi shi da kauri, wannan a karkace. Amfanin mdoc yana fitowa a mandoc, wadda Kristaps Dzonsons ya fara a 2008, Ingo Schwarze ya ci gaba da riƙe ta, domin da ita kana iya tambayar duk shafukan da suka ambaci wani saiti na musamman, ba kalma kawai ba. Abin da ke sauƙaƙa musu shi ne babu wani na waje da za a roƙa. Da zarar an fita daga ginshiƙin zuwa manhajojin wasu, su ma abin da marubucin asali ya bayar suke samu.

Akwai ƙananan ƙa'idoji da ke kama da tsirfa har sai an ga dalilinsu. Debian ta ce ya kamata a saka shafi a siffarsa ta asali ta nroff, wato harshen da ake rubuta shafukan da shi, ta hana saka wanda aka riga aka tsara, domin faɗin allo da nau'in haruffa sun bambanta daga na'ura zuwa na'ura. Ta ce a matse da `gzip -9`, kayan aikinta kuma suna cire tambarin lokaci daga matsewar, don fayil ɗin ya fito iri ɗaya ko a ina aka gina shi. Shafukan sashe na 3 suna tafiya ne da ƙunshin masu rubuta manhaja, wanda sunansa ke ƙarewa da `-dev`, ba da laburaren kansa ba. Dalilin shi ne ana so siga biyu na laburare ɗaya su iya zama tare a na'ura, kuma idan kowacce ta zo da fayil mai suna iri ɗaya a wuri ɗaya, dpkg, mai girka ƙunshi a Debian, zai ƙi. Karon suna ma shi ya haifar da ƙarin haruffa a bayan lambar sashe, irin su `3pm` na Perl da `1ssl` na OpenSSL, wadda ita ma tana da nata `passwd` da bai da alaƙa da na tsarin.

Lasisi kuma yana iya hana abin da ƙa'ida ta so. A shekarar 2006 masu haɓaka Debian suka kaɗa ƙuri'a cewa rubutun da ke ƙarƙashin lasisin GFDL na GNU ba ya cikin 'yantattun abubuwa idan yana ɗauke da sassan da aka hana sauyawa. Littattafan GCC suna da irin waɗannan sassa, kuma daga cikinsu ake ciro shafin man ɗin. Sakamakon haka, a kan Debian da aka girka daga babban rumbu kaɗai, `man gcc` ba ya ba da shafin GCC, sai an buɗe sashen da ba na 'yantattu ba an ɗauko `gcc-doc`. Haka shafukan POSIX, ƙa'idar da tsarukan dangin Unix ke bi, su ma can suke. A nan ƙa'idoji biyu na gida ɗaya ne suka yi karo, aka fifita ta lasisi. Mutum yana iya jin zafin sakamakon, amma aƙalla an san dalili, kuma ba a ɓoye shi ba.

Sai batun yadda ake samar da shafin. Marubuta kaɗan ne yanzu ke rubuta roff, wato harshen nroff ɗin nan, da hannu. Perl tana da pod2man, systemd na amfani da DocBook, Git na amfani da AsciiDoc, wasu pandoc, wasu Sphinx, wasu kuma scdoc ta Drew DeVault, wadda aka yi ta ƙarama da gangan. Wannan ya sauƙaƙa wa marubuci, amma ya ƙara wa mai haɗa ƙunshi kaya. Don a samar da shafi ɗaya sai an jawo pandoc, ita kuma da Haskell aka rubuta ta, wanda ba a kowane irin furosesa yake da sauƙin samuwa ba. Masu Git sun gane wannan, shi ya sa suke fitar da shafukan da aka riga aka gina a fayil daban. help2man tana da tata matsalar: tunda sai ta kunna manhajar, idan kana gina ƙunshi na ARM a kan na'urar x86, abin da ka gina ba zai tashi a nan ba balle ya ba da `--help`. Kwanan watan da ake bugawa a kan shafin shi ma yana ɓata lissafi, domin ƙunshin da aka gina yau zai bambanta da na gobe ba tare da komai ya sauya ba. Masu fafutukar ginin da za a iya maimaitawa sun magance wannan da `SOURCE_DATE_EPOCH`, wanda ke sa a ɗauki kwanan watan tushen manhajar maimakon na ranar gini.

Har ɗan layin nan da ke gaban zaɓi ya taɓa tayar da ƙura. A roff, `-` alamar haɗa kalma ce, `\-` kuma ita ce wadda ake bugawa a umarni. Marubuta da yawa ba su bambanta su ba, kuma an daɗe ana rufa musu asiri ta hanyar mayar da duka biyun abu ɗaya a kan allo. Da groff 1.23.0 ta fito a 2023 ba tare da wannan rufin asiri ba, sai ga shafuka suna nuna zaɓin da ido ke gani daidai, amma idan ka kwafe shi ka liƙa a taminal ya ƙi aiki, idan ka neme shi a cikin shafin ma ba ka same shi ba. Debian ta mayar da tsohon halin a nata ƙunshin, domin gyara dubban shafuka ɗaya bayan ɗaya ba aikin da za a gama ba ne.

Duk wannan a kan sakawa ne. Rigimar da ta fi zafi a 'yan shekarun nan ta cirewa ce, kuma kwantena ce ta kawo ta, wato ƙaramin keɓaɓɓen tsari da ake kunna manhaja a cikinsa. Hoton kwantena, wato tarin fayilolin da ake tayar da ita daga gare shi, ana sauke shi sau dubbai, babu mutumin da ke zama a cikinsa yana karatu, saboda haka kowane fayil da ba a buƙata nauyi ne. Wannan buƙata ce ta gaskiya. Tambayar ita ce a wane mataki za a cire.

Alpine ta zaɓi rabawa tun a wurin haɗa ƙunshi. Shafukan kowace manhaja suna tafiya wani ƙaramin ƙunshi mai ƙarewa da `-doc`, wanda ba a girka shi sai an nema. Wanda yake son komai sai ya girka `docs`, daga nan duk manhajar da ya ƙara, bayaninta zai biyo ta da kansa. Debian da Ubuntu da Fedora sun bar shafin a cikin ƙunshi, suka ba mai girkawa wuƙar: a dpkg akwai `path-exclude`, a dnf na Fedora akwai `tsflags=nodocs`, a pacman na Arch akwai `NoExtract`. Hotunan Ubuntu na kwantena tun daga 18.04 haka suke zuwa a rage, idan ka kira `man` sai saƙo ya gaya maka an rage tsarin, ka kunna `unminimize` idan kana so a dawo da abin da aka cire. Arch kuma tun Oktoban 2019 ta fitar da manhajar `man` ɗin kanta daga ginshiƙin da ake fara girkawa, ko da yake shafukan suna nan a cikin ƙunshin kowace manhaja.

Cirewa a lokacin girkawa tana da nata tarkon. A ƙananan hotunan Debian an taɓa samun matsalar da ta wahalar da mutane da yawa: girka Java ya ƙi kammaluwa. Dalilin shi ne `update-alternatives`, wanda ke zaɓar wace Java ce za ta amsa sunan `java`, yana ƙoƙarin ƙirƙirar mahaɗi zuwa shafin jagorarta a cikin `/usr/share/man/man1`, foldar kuwa babu ita. Girkawar gaba ɗaya ta faɗi saboda foldar da babu mai niyyar karanta komai a cikinta. Maganin da ya yaɗu shi ne a sa `mkdir -p /usr/share/man/man1` kafin girkawa, kuma har yau ana cin karo da wannan layi a fayilolin Docker da ake gina hotunan kwantena da su, wasu masu shi ma ba su san dalilin sa shi ba.

Duk da haka, tsakanin hanyoyin ina tare da duk wadda ta tabbatar an rubuta shafin, an gina shi, yana cikin rumbu, kuma umarni ɗaya ya isa a dawo da shi. Ta Alpine da ta Debian duka sun cika wannan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mai haɗa ƙunshi ya goge shafin da marubucin asali ya riga ya bayar, ko ya kashe gina shi don guje wa wahala, da hujjar cewa ai komai yana intanet. Gaskiya ne akwai manpages.debian.org da man.archlinux.org da man.openbsd.org, kuma suna da amfani. Amma abin da injin bincike zai fara miƙo maka yawanci bayanin sabuwar siga ne, ko na wani gidan daban, alhali sabarka tana ɗauke da sigar shekaru uku da suka wuce. Ka karanta zaɓin da bai wanzu a wurinka ba, ko wanda ma'anarsa ta sauya. `sed -i` na GNU da na BSD ba su karɓar abu iri ɗaya, kuma wanda ya karanta shafin da ba nasa ba zai iya lalata fayil. Shafin da ke cikin ƙunshi kamar takardar da ke cikin kwalin magani ce: ita ce ta dace da ƙwayar da ke hannunka. Ban da haka, lokacin da aka fi buƙatar `man ip` ko `man fstab` shi ne lokacin da hanyar sadarwa ta yanke ko na'ura ta ƙi tashi daidai.

Shafukan da aka fassara suna da wannan matsalar ta wata fuskar. Ana ajiye su a foldar harshensu a ƙarƙashin `/usr/share/man`, kuma `man` yana fifita su idan harshen na'urar ya dace. Idan fassarar ta tsufa, mai karatu ba zai sani ba. Debian ta ce ko dai fassarar ta kasance daidai da zamani, ko kuma a nuna wa mai karatu ƙarara cewa ta tsufa ya koma ga ta asali. Kayan aiki irin po4a suna taimakawa, domin duk sakin layin da ya sauya a asali yana fitowa da Turanci har sai an sake fassara shi, shafin ya zama gauraye amma ba ya yaudara.

Giɓin da ya fi girma yanzu yana wajen ikon duk waɗannan ƙa'idoji. Manhajoji da yawa ba ta apt ko dnf suke isa ga mutane ba, ta `cargo install` na harshen Rust ko `go install` na Go ko pip na Python suke zuwa. Na farko biyun fayil ɗin da ake kunnawa kawai suke ajiyewa, ba su san da `/usr/share/man` ba, pip kuma ba ta da tsayayyar hanyar da za ta sa shafi inda `man` zai gan shi. Marubucin da ya ga cewa yawancin masu amfani da manhajarsa ba za su taɓa samun shafin ba, da wuya ya zauna ya rubuta shi. Wasu suna samar da shi kai tsaye daga bayanin zaɓuɓɓukan manhajar, da clap_mangen a Rust ko da cobra a Go, amma sai ya tsaya a foldar gini, ko kuma a mayar da shi wani ƙaramin umarni da sai an kunna manhajar kafin ta fitar da shi. Mai haɗa ƙunshin Debian ko Fedora sai ya tono inda yake, ya kunna abin da ya kamata, ya sa sunansa a jerin da `dh_installman` ko RPM za su ɗauka. Idan ginin na wani furosesa ne daban, matsalar da help2man ke da ita ta sake dawowa, domin manhajar da za ta fitar da shafin ba za ta tashi a kan na'urar ginin ba.